Na'urar Yayyafin Ruwa Mai Kashe Gobara: Yadda Take Aiki da Yadda Ake Kula da Ita

Matafiyin da ya tashi daga birnin Kano zuwa Doguwa sai ya bi ta Kwanar Dangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore, kafin ya isa. Tafiya ce ta fiye da kilomita 100. Wannan nisa yana da muhimmanci idan ana maganar gobara, domin wutar da ta kama katifar soso a ɗakin kwanan ɗalibai tana iya mamaye ɗakin baki ɗaya cikin 'yan mintoci. Ko da a ce motar 'yan kwana-kwana tana nesan rabin sa'a kawai, galibi abin da za ta tarar shi ne aikin hana wutar tsallakawa zuwa ginin maƙwabta. A cikin birni ma hakan na faruwa. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, alhali kasuwar tana tsakiyar gari. Kafin wannan, a ƙarshen watan Nuwamba na 2015, ɗalibai bakwai sun rasu sanadiyyar gobarar dare a ɗakin kwana na makarantar 'yan mata ta gwamnati da ke Jogana.

Saboda haka ne masana suka daɗe suna neman hanyar da gini zai fara kashe wutarsa da kansa, tun tana ƙarama, ko da babu kowa a farke. Hanyar da ta fi samun nasara ita ce na'urar yayyafin ruwa, wato waɗannan ƙananan kawunan ƙarfe da akan gani suna leƙowa daga silin na wasu manyan otal-otal, bankuna da masana'antu.

Asalin na'urar

A shekarar 1812 wani Bature mai suna William Congreve ya kafa bututai masu huji-huji a gidan wasan kwaikwayo na Drury Lane da ke Landan. Idan wuta ta tashi sai mutum ya buɗe bawul, ruwa ya zubo ta dukkan hujojin. Aibin wannan dabara guda biyu ne: dole a sami mai buɗewa, kuma ruwan yakan jiƙa ko'ina, har inda wuta ba ta kai ba. A 1874 Henry Parmelee, mai masana'antar kayan kiɗan fiyano a garin New Haven na Amurka, ya ƙera kan yayyafi mai buɗe kansa idan zafi ya narkar da liƙin da ke riƙe da murfinsa. Frederick Grinnell ya inganta ƙirar a 1881, kuma daga aikinsa ne kawunan yau suka samo asali. A 1896 aka kafa ƙungiyar kare gobara ta Amurka, wadda aka fi sani da NFPA, domin daidaita ƙa'idojin kafa na'urar, kuma har yanzu injiniyoyi a ƙasashe da dama suna aiki da littattafan ƙa'idojinta.

Abin da ke cikin kan yayyafi

Kan yayyafi bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Yana da kafar da ruwa ke fitowa, da murfin da ya toshe kafar, da abin da ke tokare murfin, sannan da wani ɗan faifai mai haƙora a ƙarshe. Ruwa yana nan a cikin bututu dare da rana, yana tura murfin, abin tokarar kuma yana hana shi fita. Duk hikimar na'urar tana cikin wannan abin tokara, wanda yake iri biyu.

Iri na farko 'yar kwalba ce siririya, mai kaurin milimita 3 ko 5, cike da wani ruwa mai launi, tare da ɗan kumfan iska a ciki. Ɗalibin kimiyya ya san cewa ruwa yana ƙara girma idan ya ɗumama, kuma girman da yake ƙarawa ya fi na gilashi nesa ba kusa ba. Wannan ne ke sa ruwan ma'aunin zafin jiki ya hau sama a asibiti. Yayin da zafi ya taɓa 'yar kwalbar, ruwan cikinta sai ya fara cika gurbin kumfan. Da zarar kumfan ya ɓace, ruwan ba shi da sauran wurin zuwa, sai matsi ya hauhawa nan take, kwalbar ta tarwatse. Murfi ya faɗi, ruwa ya fito da ƙarfi ya bugi faifan mai haƙora, ya watsu kamar lema a kan fili mai faɗin murabba'in mita 12 zuwa 20, gwargwadon irin ginin.

Girman kumfan da irin ruwan su ne ke ƙayyade zafin da kwalba za ta fashe, launin kuma shi ke shaida wa mai dubawa. Ruwan lemo yana nufin digiri 57 a ma'aunin santigiret, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Akwai na sama da haka domin wurare irin su gidan burodi da ɗakin tukunyar tururi.

Iri na biyu ƙarafa biyu ne da aka liƙe da wani gamin ƙarfe mai saurin narkewa. A nan akwai abin mamaki da ya shafi ƙasar Doguwa, domin ɗaya daga cikin ƙarafan da ake haɗawa shi ne kuza, wadda garin Riruwai ya yi suna wajen haƙarta. Kuza ita kaɗai tana narkewa a digiri 232, dalma a 327, bismot a 271, kadmiyom a 321. Amma idan aka haɗa su, bismot ya zama rabi, dalma kimanin rubu'i, ragowar kuma kuza da kadmiyom, sai gamin ya narke a wajen digiri 70, wato ƙasa da zafin tafasasshen ruwan shayi. Dalili shi ne ƙwayoyin zarra na ƙarafan sun bambanta a girma da tsari, don haka riƙon da suke yi wa juna a gamin bai kai na kowane ƙarfe shi kaɗai ba. Idan liƙin ya narke, ƙarafan biyu su rabu, murfi ya saki.

Zafi take ji, ba hayaƙi ba

Mutane da yawa sun ɗauka, saboda abin da suke gani a finafinai, cewa hayaƙin taba ko na turaren wuta yana iya sa ruwa ya ɓarke a gini baki ɗaya. Hayaƙi ba ya fasa kwalba, ba ya narkar da liƙi. Na'urar gano hayaƙi daban ce, aikinta ƙara kawai. Haka kuma kowane kai zaman kansa yake yi. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi, saboda haka takan tashi sama ta bazu a ƙarƙashin silin, kuma kan da ya fi kusa da wutar shi ke fara buɗewa. Idan ruwansa ya danne wutar, sauran kawunan ba za su motsa ba. Ƙididdigar NFPA ta shekarun 2015 zuwa 2019 ta nuna cewa a kashi 77 cikin ɗari na gobarar da na'urar ta yi aiki, kai ɗaya tak ne ya buɗe, a kashi 97 kuma kawuna biyar ko ƙasa da haka.

Wannan amsa ce ga ɗan kasuwar da ke tsoron ruwa zai lalata masa buhunan shinkafa a ma'ajiyarsa ta Tudun Wada. Kai ɗaya yana zubar da lita 60 zuwa 80 a minti, a wuri ɗaya. Mesar 'yan kwana-kwana tana zubar da ɗaruruwan lita a minti, kuma a lokacin da ta iso wutar ta riga ta ci abin da za ta ci.

Ruwan yana aiki ta hanyoyi uku. Na farko, yana shanye zafi. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa daga digiri 30 zuwa 100 yana cin kimanin kilojul 294, amma mayar da wannan lita tururi yana cin kilojul 2,260, kusan ninki takwas. Shi ya sa ake watsa ruwan ya zama ƙananan ɗigo, domin ɗigo ya fi saurin zama tururi. Na biyu, tururin yana cin wuri kusan sau 1,700 fiye da ruwan da ya haife shi, don haka yana rage iskar oksijin da ke kusa da harshen wutar. Na uku, ruwan yana jiƙa kayan da ke kewaye, wuta ta rasa abin kamawa.

An ga ƙarfin wannan a birnin Filadelfiya na Amurka a watan Fabrairu na 1991. Wuta ta tashi a hawa na 22 na wani bene mai hawa 38 da ake kira One Meridian Plaza, ta yi ta ci har fiye da sa'o'i 19, ta kashe 'yan kwana-kwana uku, har aka janye sauran daga cikin ginin don gudun rushewa. Hawa-hawan da ta cinye ba su da na'urar yayyafi. Da ta isa hawa na 30, inda aka kafa na'urar, kawuna goma ne suka buɗe suka tsayar da ita. Abin lura shi ne motocin kwana-kwana ne suka riƙa tura ruwa cikin bututan daga ƙasa. Ba domin wannan ruwa ba, da kawunan sun buɗe a banza.

Zaɓen launi a ƙasa mai zafi

Kan da aka fi sayarwa a duniya shi ne mai jar kwalba, na digiri 68. Ƙa'idar Turai ta ce a zaɓi kan da zafin buɗewarsa ya ɗara mafi tsananin zafin wurin da kimanin digiri 30, ƙa'idar NFPA kuma ta taƙaita wannan rukuni ga silin da zafinsa ba ya wuce digiri 38. A ƙasar Kano kuwa, a watannin Maris da Afrilu, zafin inuwa kansa yakan haura digiri 40, balle ƙarƙashin rufin kwano marar silin da tsakar rana. Jar kwalba ba za ta fashe a rana ɗaya ba, amma zafin da ke maimaituwa shekara da shekaru yana raunana ta, liƙin ƙarfe kuma yakan saki a hankali, har wata rana ruwa ya ɓarke babu wuta. A ma'ajiyar hatsi ko ɗakin taro mai rufin kwano, rawaya ko kore ne ya dace. A ɗaki mai silin da iska, ja ya wadatar. Kuskure ne kuma a zarce a sa shuɗi a ɗakin kwana don gudun ɓarkewa, domin kafin zafi ya kai digiri 141 a silin, hayaƙi ya riga ya gama da masu barci.

Bayan kawuna

Kawunan suna haɗe da ƙananan bututai, su kuma suna haɗuwa a babban bututu mai saukowa ƙasa. A gindinsa akwai babban bawul na buɗewa da rufewa, da agogon matsi, da bawul ɗin ƙararrawa. Idan kai ya buɗe ruwa ya fara gudu, wani ɓangare nasa yakan bi ta ɗan bututu ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta riƙa kaɗa ƙararrawa a bangon waje. Wannan ƙararrawa ba ta buƙatar lantarki, abin da ya sa ta dace ƙwarai da garuruwan da wuta ba ta tsayawa.

Wannan shi ne tsarin jiƙaƙƙen bututu, kuma shi ya fi sauƙi da aminci. Akwai na busasshen bututu, inda ake cika bututan da iska saboda kada ruwa ya daskare, amma wannan matsalar ƙasashen ƙanƙara ce. Akwai wanda ba ya barin ruwa ya shiga bututu sai na'urar gano hayaƙi ta yi ƙara, domin ɗakunan kwamfuta da na adana takardu. Akwai kuma na ambaliya, mai buɗaɗɗun kawuna da ke zuba gaba ɗaya, domin wurare masu haɗari irin su ma'ajiyar man fetur, inda galibi ake gauraya ruwan da sinadarin kumfa, tun da fetur yana tasowa saman ruwa ya ci gaba da ci.

Matsalar ruwa da lissafin tsayi

A Turai da Amurka ana haɗa na'urar da babban bututun ruwan gari. A Doguwa, Kiru ko Bebeji ba za a dogara da haka ba. Saura hanya biyu: injin tura ruwa ko tanki a sama. Injin lantarki yana da rauni a fili, domin ko an yi sa'a akwai wuta, gobara takan fara da lalata wayoyi. Saboda haka ƙa'ida ta tanadi inji na biyu mai aiki da dizal, wanda ke tashi da kansa idan matsi ya faɗi, tare da wani ƙaramin inji mai cike ɗan matsin da ke zurarewa yau da gobe.

Tanki a sama ba ya buƙatar mai ko lantarki a lokacin gobara, nauyin ruwa ne ke aiki. Wannan ƙarfi ne ke kai ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, zuwa gonakin Kadawa ba tare da inji ba. Lissafin yana cikin darasin fiziks: matsi daidai yake da nauyin ruwa a kowace kubik mita, sau ƙarfin jan ƙasa, sau tsayi. Sakamakon shi ne kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kimanin kilofaskal 100. Kan yayyafi na yau da kullum yana buƙatar aƙalla kilofaskal 50 kafin lemarsa ta buɗe sosai, kuma a kilofaskal 100 yana fitar da lita 80 a minti. Sai an ninka matsi sau huɗu kafin yawan ruwan ya ninka sau biyu.

Ana auna tsayin ne daga kan yayyafi zuwa ƙasan tanki, ba daga ƙasa ba. Tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 6, irin wanda aka saba gani a makarantu, idan silin yana mita 3, saura mita 3 kacal, wato kilofaskal 30, kuma gogayyar ruwa da cikin bututu za ta ci wani abu daga ciki. Ruwan zai zubo kamar na buta. Ana buƙatar tanki ya ɗara silin da mita 10 ko fiye. A nan ƙasar Doguwa tana da abin da filayen arewacin Kano ba su da shi, wato tuddai da duwatsu. Makaranta ko asibitin da ke gindin tudu yana iya gina tankinsa a kan tudun, ya huta da kuɗin dogon ƙarfe.

Game da yawan ruwa, a ɗauka kawuna huɗu sun buɗe a ɗakin kwana, kowanne lita 80 a minti, na tsawon minti 30. Jimla lita 9,600. Wannan misali ne na gini mai ƙaramin haɗari. Ma'ajiyar da aka jibge buhuna ko atamfofi har sama tana buƙatar ninkin wannan sau da yawa, kuma injiniya ne kaɗai zai tsara ta.

Kulawa

Na'urar yayyafi tana iya shekara talatin ba ta yi aiki ko sau ɗaya ba, kuma wannan ne haɗarinta, domin abin da ba a amfani da shi mantawa ake yi da shi. Ƙididdigar NFPA da aka ambata ta nuna cewa na'urar ta yi aiki a kashi 92 cikin ɗari na gobarar da ta kai girman tayar da ita. A inda ta gaza kuwa, kashi 57 cikin ɗari saboda an rufe bawul ne. Wani ya rufe don gyara ko don ɗigar ruwa, ya tafi bai buɗe ba. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: a ɗaure babban bawul da sarƙa da kwaɗo yana buɗe, a damƙa mabuɗin ga mutum ɗaya sananne, a riƙa duba shi kowane mako tare da agogon matsi da yawan ruwan tanki, a rubuta a littafi da kwanan wata. Malamin kimiyya da ɗalibansa suna iya ɗaukar wannan aiki.

Injin dizal ana tayar da shi kowane mako ya yi minti 30, a duba mansa da baturansa. A ƙarshen bututu mafi nisa akwai ɗan bawul na gwaji mai kafa daidai da ta kai ɗaya. Duk wata uku akan buɗe shi a ji ko ƙararrawa za ta kaɗa. Sau ɗaya a shekara akan buɗe babbar magudana a ga yadda matsi ke faɗuwa, a kwatanta da na bara, domin faɗuwar da ta wuce kima tana nuna toshewa ko bawul da bai gama buɗewa ba. Duk shekara biyar akan leƙa cikin bututai saboda tsatsa da laka, kuma inda ruwan rijiyar burtsatse ko na rafi ake amfani da shi, wannan ya fi zama wajibi. Kawunan gama-gari da suka kai shekara 50 akan cire wasu a kai su gwaji.

Su kansu kawunan suna da maƙiya da aka sani a kowane gida. Ƙurar hunturu takan lulluɓe kwalba ta zama kamar bargo, ta jinkirta isar zafi. Gizo-gizo yakan yi saƙa, zanzaro kuma yana son gina ɗakinsa na laka a tsakanin murfi da faifai. Ana kawar da ƙura da iskar hurawa ba tare da taɓa kwalbar ba. Mai fenti ya fi su ɓarna, domin fenti yana liƙe murfi ya toshe haƙoran faifai. Kan da fenti ya taɓa ba a kankare shi, sauya shi ake yi, haka ma wanda ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, ko wanda ruwan kwalbarsa ya tsiyaye. A ɗakin kwanan ɗalibai sai an yi gargaɗi game da rataya riga ko igiyar gidan sauro a jikin kai ko bututu. A ma'ajiya kuma a bar tazarar kimanin rabin mita tsakanin kai da saman kaya, in ba haka ba buhun sama ne zai tare ruwan. A ajiye aƙalla sababbin kawuna shida masu launi iri ɗaya da na silin, tare da sifanarsu ta musamman, a akwati kusa da babban bawul.

Na'urar tana da iyaka. Ba ta da amfani a rumfar zana ko runfunan kasuwa da ke fili, domin babu silin da zai tara zafi. Ba ta dace da kaskon tafasasshen mai ba. Ba ta kuma ɗauke wajibcin gyaran wayoyin lantarki, ko barin ƙofar ɗakin kwana yadda za a iya buɗe ta daga ciki da dare.

Saura jarrabawar da ta fi kowacce wuya a karkara. Idan rani ya tsananta, rijiya ta ja baya, ga lita dubu goma zaune a tanki, da wuya shugaban makaranta ya hana ɗalibai wanka da girki da shi. Injiniyoyi sun warware wannan da dabarar ƙira. Ana yin tanki ɗaya babba, a fitar da bututun amfanin yau da kullum daga tsakiyar jikinsa, bututun yayyafi kuma daga ƙasa. Idan ruwa ya sauka zuwa tsakiya, famfunan wanka da na kicin su ɗauke, kowa ya san lokacin cika tanki ya yi, rabin ƙasa kuwa babu famfon da ke kaiwa gare shi sai kawunan da ke silin.